Kafin a Kayar da Yaro a Kacici-kacici, a Fara Duba Tambayar

Malama, barka da ƙoƙari. Na karanta saƙonki, inda kika ce an ɗora miki nauyin shirya tambayoyin gasar kacici-kacici tsakanin makarantun sakandaren yankinku, waɗanda za su taɓo tarihi, adabi, wasan kwaikwayo, kimiyya da labarin ƙasa. Kin ce kin sayi wani ɗan littafin tambayoyi da amsoshi a kasuwa, kin ƙara da wasu da kika tsinto a intanet, kina so ki san ko za ki iya kwafe su yadda suke.

Don Allah kada ki kwafa. Na haura shekara ashirin ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma a yawancin shekarun nan ana kirana alƙalanci a irin wannan gasa. Kusan duk rigimar da na ga ta tashi a zauren gasa, daga takardar da ke hannun mai tambaya ta samo asali. Yara sukan zo da shirinsu, sun kwana suna bita, sai a tare su da tambayar da tun a gida aka karya mata ƙafa.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi ya faru ne a gabana a 2012. Zaure ya cika, ana zafi, fanka ba ta juyawa, yara sun jeru a kan benci kowace makaranta da kayanta. Mai tambaya ya ce, "Wace ƙasa ce ta fi kowace girman ƙasa a Afirka?" Wata yarinya 'yar aji biyar ta miƙe, ko daƙiƙa uku ba ta ɓata ba, ta ce, "Aljeriya." Ya dubi takardarsa ya girgiza kai, ya miƙa tambayar ga ɗaya makarantar. Wani yaro ya ce, "Sudan." Zaure ya kaure da tafi. Yarinyar ta zauna a hankali, ta ja gefen hijabinta ta rufe baki, tana kallon malaminta ko zai ce wani abu. Ita ce ke da gaskiya. Tun ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, Sudan ta sauko daga murabba'in kilomita wajen miliyan biyu da rabi zuwa ƙasa da miliyan biyu. Aljeriya mai miliyan 2.38 ta hau gaba, Kwango mai babban birni a Kinshasa na bi mata, Sudan ta koma ta uku. Littafin da aka kwafo tambayar an buga shi kafin rabuwar. Na tsayar da gasar, muka yi ta ja-in-ja da masu shiryawa har aka mayar mata da makinta, amma jikinta ya riga ya yi sanyi. A zagayen da ya biyo baya akwai tambayoyi biyu da na ga leɓenta na motsi da amsarsu daidai, ta kasa ɗaga hannu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin yarinyar da ta fi kowa bin labarin duniya ita aka nuna wa cewa karatunta laifi ne.

To, ki fara da duba shekarar da aka buga littafin naki. Ilimin kacici-kacici yana tsufa kamar yadda magani ke lalacewa a kanti. Idan kin ga an ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, ki san kafin 2006 aka rubuta, ko kuma an kwafo daga wanda aka rubuta kafin lokacin. An gano Fuluto a 1930, aka daɗe ana ƙirga ta ta tara. Da aka gano wata mai kusan girmanta a can bayanta a 2005, wadda aka sa wa suna Eris, sai masana taurari suka ga ko dai a yi ta ƙara lissafi ba iyaka, ko a tsayar da ƙa'ida. A taronsu na birnin Prague a watan Agustan 2006 suka ce sai abu ya cika sharaɗi uku: yana kewaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi ya zama kamar ƙwallo, kuma ya share hanyarsa daga sauran duwatsun da ke yawo a kanta. Fuluto ta faɗi a na uku, lissafi ya koma takwas. Haka ƙasar da ta fi yawan jama'a: shekara da shekaru ana cewa Sin, amma a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya Indiya ta wuce ta a 2023. Swaziland ta zama Eswatini a 2018. Burundi ta mayar da fadar mulkinta daga Bujumbura zuwa Gitega. Ko a gida, jihohin Najeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Maganin wannan mai sauƙi ne, ki sa shekara a cikin tambayar. Tsohuwar amsa ma ba asara ba ce, sai ki juya ta ta zama tambayar tarihi: "Wace ƙasa ce ta fi girma a Afirka kafin 2011?" Yanzu Sudan ta zama amsa ta gaskiya, kuma yaron da ya amsa ya san dalili.

Wata matsalar ta fi wannan ɓuya. Duk inda kika ga "ya fi tsawo" ko "ya fi girma", ki tambayi kanki: da wane ma'auni? Dutsen Everest ya kai mita 8,849 daga doron teku, babu wanda ya kamo shi ta wannan fuskar. Amma idan daga gindi za a auna har ƙololuwa, akwai Mauna Kea a tsibirin Hawaii, wanda abin da ya fito saman ruwa bai wuce mita 4,200 da 'yan kai ba, sauran jikinsa na nutse a teku, in an haɗa ya haura mita 10,000. Idan kuma aka ce wane wuri ne ya fi nisa daga tsakiyar cikin duniya, sai a koma Chimborazo a ƙasar Ekwado, saboda duniya ba dunƙulalliya ce sak ba, tana da tumbi a tsakiyarta, shi kuwa dutsen a kan tumbin yake zaune. Yaro mai karance-karance zai iya kawo miki kowanne daga cikin ukun nan. Kalma uku za su raba gardama: "daga doron teku" a ƙarshen tambaya, shi ke nan.

Kogin Nilu da Amazon kuwa ni ba na sa su a gasa da sunan tsawo. Yawancin littattafai na ba Nilu kimanin kilomita 6,650, Amazon kimanin 6,400, amma a 2007 wasu masu bincike na Brazil suka ce nasu ya fi, domin sun ɗauko awonsu daga wani mafari mai nisa a tsaunukan Peru. Kogi ba igiya ba ne da za a miƙe a auna. Ina mafarinsa, cikin ɗaruruwan ƙoramun da ke zuba a cikinsa? Ina ƙarshensa, in ya rarrabu kafin ya shiga teku? Abin da masana ba su gama daidaitawa a kansa ba, bai kamata a kayar da ɗan shekara goma sha biyar a kansa ba. Ki tambayi kogin da ya fi tsawo a Afirka, Nilu ne ba musu. Ki tambayi wanda ya fi yawan ruwa a duniya, Amazon ne, ruwan da yake zubarwa a teku ya ninka na Nilu fiye da sau hamsin.

Akwai wadda harshenmu ne ke haifar da ita. A Turance ana tambayar hamadar da ta fi girma a duniya, a ce amsa Antatika ce, domin a wurin masana labarin ƙasa hamada ita ce duk inda ruwan sama ko ƙanƙarar da ke sauka a shekara bai taka kara ya karya ba, ko da wurin sanyi ne. Antatika ta kai murabba'in kilomita miliyan 14, Sahara kimanin miliyan 9. To amma Bahaushe in ya ji "hamada", rairayi da zafi da raƙuma yake gani, hanyar Agadas da Bilma. Idan da Hausa za a yi gasar kika ce hamada kawai, kika ƙi karɓar Sahara, kin yi wa yaro tarko da harshensa. Ki ce "hamada mai zafi" ki karɓi Sahara, ko ki fito da ma'anar da kike nufi a fili.

Kimiyya ma ba ta tsira ba. Ana son tambayar nan ta digiri nawa ruwa ke tafasa, a ce 100 a ma'aunin Salsiyas. A bakin teku haka ne. A Jos, da ke sama da mita 1,200, ruwa na tafasa a kusan digiri 96, domin iskar da ke danne shi ta ragu. Wannan ne ya sa girkin wake kan ɗan ƙara jinkiri a wurare masu tudu sosai: ruwan na ta ɓararraka amma zafinsa bai kai ba. A ƙololuwar Everest wajen digiri 70 ya isa. Na taɓa sa ɗalibai su tsoma ma'aunin zafi a butar shayi su karanta da idonsu, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake mantawa da cewa tafasa na tafiya da nauyin iska. Wata mai kyau da nake so ki saka ita ce duniyar da ta fi zafi. Yawancin yara za su ce Mekuri tunda ta fi kusa da rana. Amsar ita ce Zara, wadda muke cewa matar wata, mai zafin da ya kai digiri 465, saboda iska mai kauri da ta lulluɓe ta tana riƙe zafi kamar murfin tukunya. Irin wannan tambaya tana da wuya, amma amsarta ɗaya ce, kuma wanda ya faɗi ya tafi gida da sabon ilimi. Ita kuwa maganar cewa ana hango ganuwar Sin da ido daga wata, ki soke ta gaba ɗaya, ba gaskiya ba ce. Ganuwar doguwa ce amma siririya, kuma launinta ya saje da ƙasar da ke kewaye da ita.

Yanzu ga inda na fi so ki natsu, kalmomin nan guda biyu: "na farko" da "ya gano".

Ba na jin akwai ɗan makarantar boko a ƙasar nan da bai taɓa haddace cewa Mungo Park ne ya gano kogin Neja ba. Ki yi tunanin yaron Yawuri ko na Gaya da kakanninsa Sarkawa ne, a cikin kwalekwale aka yi goyonsa, a ce masa wani likita daga Sikotlan ne ya gano ruwan da ake kira Kwara tun kafin a haifi kakan kakansa. A bakin wannan kogi daular Mali da ta Songhai suka yi zamaninsu, a gaɓarsa Gao take, Tambutu kuma na kusa da shi. Ibn Battuta ya bi ta kansa a tsakiyar ƙarni na 14, ya ɗauka Nilu ne. Abin da Park ya yi shi ne, ya isa gaɓar kogin a Segu a watan Yulin 1796, ya ga gabas yake kwarara, ya koma ya shaida wa mutanensa, waɗanda suka daɗe suna gardama a kan haka. Dalilin ruɗewarsu kuwa abin sha'awa ne, kuma shi ya fi cancanta a koya wa yara. Kogin yana tasowa ne a tsaunukan Gini, kilomita 240 kacal daga teku, amma maimakon ya gangara can, sai ya juya wa teku baya ya nufi hamada, ya yi gwiwa a wajen Tambutu, sannan ya karyo kudu ya ratsa Nijar da Najeriya, tafiyar kusan kilomita 4,200. Park ya dawo karo na biyu a 1805 don ya bi shi har ƙarshe, ya halaka a gurguzun ruwan Busa, wurin da tafkin Kainji ya shanye yanzu. Da wani matafiyi ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana neman labarin kogin, a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka zana masa taswira. Sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi shi daga Busa har teku, Turawa suka fahimci cewa rafukan da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ciniki a bakinsu, su ne ƙarshen Kwara. Ki ga tambayoyi nawa masu kyau ke cikin wannan labari: a wane gari Park ya fara ganin kogin, a ina ya mutu, su wa suka kai ga bakinsa, a wace ƙasa yake tasowa. Duk suna da amsa ɗaya, kuma babu wadda ta ce wa yaro kakanninsa ba su da ido.

Haka batun Kolumbus da Amurka a 1492. Ya tarar da mutane a tsibiran da ya sauka, kuma ko a cikin Turawa ba shi ne farko ba, domin mutanen arewacin Turai sun kafa ɗan sansani a Newfoundland ta Kanada wajen shekara 500 kafin shi, an tono kufansa a shekarun 1960. A fannin likitanci littafinki zai ce William Harvey ne ya gano yadda jini ke zagaya jiki a 1628. Gaskiya ne shi ya bayyana zagayen gaba ɗaya. Amma Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya riga ya rubuta cewa jini na fita daga ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu kafin ya dawo ɓangaren hagu. Kowannensu na da tambayar da shi ne amsarta, aikinki ki rubuta wadda kike nufi.

Ko tarihinmu na kusa sai an yi hattara. "Wane ne shugaban Najeriya na farko?" Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista tun 1957, kuma shi ke riƙe da gwamnati ranar samun 'yanci. Nnamdi Azikiwe ya zama Gwamna Janar a watan Nuwamban 1960, ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1963 da aka koma jamhuriya, amma na jeka-na-yi-ka ne a tsarin mulkin lokacin, iko na hannun Firayim Minista. Shugaban ƙasa mai cikakken iko da aka zaɓa na farko shi ne Shehu Shagari a 1979. Kalmar "shugaba" a Hausa ta ɗauke su duka uku. Haka "Sarkin Musulmi na farko": an yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a Gudu a 1804, kuma daga kansa ake fara ƙirga, shi ya sa ake ce wa mai ci yanzu na 20. Sai dai wasu littattafan suna fara lissafi daga Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809. Ki tambayi wanda ya gaji Shehu bayan rasuwarsa a 1817, kin huta. Jami'a ta farko a Najeriya ma haka: ta Badun an buɗe ta a 1948 amma a ƙarƙashin Jami'ar Landan take har 1962, ta Nsukka kuwa da cikakken ikonta aka buɗe ta a 1960. A duniya kuma, Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, wadda Fatima al-Fihri ta assasa a 859, ita ake ba kambin cibiyar ilimi mafi daɗewa da ba ta daina aiki ba, Turawa kuma na ƙirga Bologna ta Italiya, 1088, a matsayin ta farko a tsarin da suke kira jami'a.

Na ga kin ce adabi da wasan kwaikwayo ne suka fi ba ki wuya, kuma ban yi mamaki ba, domin a nan littattafan kasuwa suka fi sakaci. Za ki ga an rubuta cewa Wole Soyinka ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Nobel. Ya ci ta adabi a 1986, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan fanni. Amma Albert Luthuli na Afirka ta Kudu ya karɓi ta zaman lafiya ta 1960, kuma a adabin ma akwai Albert Camus, Bafaranshen da aka haifa a Aljeriya, wanda ya ci a 1957. Ki ambaci fannin, ki ambaci abin da kike nufi da ɗan Afirka. Naguib Mahfouz na Masar, 1988, shi ne marubucin Larabci na farko da ya samu, wannan tambaya ce tsaftatacciya.

"Wane ne littafin Hausa na farko?" Wannan kam ina roƙonki ki cire ta. Masu kwafe-kwafe sukan ce Ruwan Bagaja. Abin da ya faru shi ne, a 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, kuma littattafai biyar ake lissafawa daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Su ne tushen ƙagaggen labari na boko, babu shakka. Amma an daɗe ana rubuta Hausa kafin su. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Hausa da Fulfulde da Larabci cikin ajami, mata na haddace su suna kai wa ƙauyuka. Ko da bokon ma, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön ya buga Magana Hausa a 1885, a ciki har da labarin rayuwar Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Bajamushe Barth zuwa Turai, kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Duk wanda ya ce wa yara rubutun Hausa ya fara a 1933, ya share musu ajami daga tarihi ke nan.

Shaihu Umar ma akwai tarko a cikinsa in kin sa shi a sashen wasan kwaikwayo. Tafawa Ɓalewa labari ya rubuta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ne suka mayar da shi wasan dandamali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Sunaye daban-daban ne ga tambayoyi daban-daban. Kuma kada ki tambayi lokacin da wasan kwaikwayo ya fara a ƙasar Hausa ki sa ran jin shekarar wani littafi. Yaron da ya shafa wa fuskarsa toka, ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya bi gida-gida da tashe bayan goma ga azumi yana kwaikwayon tsoho ko malami ko gwauro, wasan kwaikwayo yake yi, da sutura da waƙa da 'yan kallo da saƙo. Ga wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa, ga kalankuwa bayan kaka. Zan so in ga tambayoyi biyu ko uku a kan waɗannan, domin yaron da bai taɓa jin sunan Shakespeare ba ya samu inda shi ma zai ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa.

Shi Shakespeare ɗin, ki guji tambayar ranar haihuwarsa. Abin da ke rubuce shi ne an yi masa wankan shiga addini a coci ranar 26 ga Afrilun 1564, ranar 23 da ake yawan faɗa al'ada ce kawai. Ki guji tambayar yawan wasanninsa kuma, domin kundin farko da abokansa suka buga a 1623 na ɗauke da 36, daga baya ake cewa 37 ko 38 ko fiye, gwargwadon yadda aka ƙirga waɗanda ya rubuta da wasu. Ga masu aminci: gidan wasansa na Globe a Landan an gina shi a 1599, ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa ana cikin wasa wuta ta kama jinkar rufin. A zamaninsa samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka fara barin mata su hau dandamali a Ingila.

Akwai wani abu game da ranar mutuwarsa da zai yi miki amfani a wani wurin. Ana yawan cewa shi da Cervantes, shahararren marubucin Sifen, rana ɗaya suka mutu a watan Afrilun 1616. A takarda kwanakin sun yi kusa da juna, amma a zahiri akwai kimanin kwana goma tsakaninsu, domin Sifen ta riga ta koma sabuwar kalanda, Ingila kuwa ba ta koma ba sai 1752, shekarar da mutane suka kwanta ranar 2 ga Satumba suka tashi ranar 14. Na kawo wannan ne saboda mu ma da kalanda biyu muke aiki. Shekarar Hijira ɗaya kan faɗa cikin shekarun Miladiyya biyu, haka kuma akasin haka. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 ta faɗo a 1218, yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara kuwa ya faɗo a 1219. Idan kina da ɗaliban makarantun Islamiyya a gasar, wani zai iya amsa miki da shekarar Hijira, ya kamata ta kasance a takardarki.

Game da yadda za ki tantance, kada yawan shafukan intanet da suka faɗi abu ɗaya ya ruɗe ki, sau da yawa junansu suke kwafa, kuskure ɗaya ya haihu sau ɗari. Ki nemi kowace amsa a wuri biyu da ba su jiɓanci juna ba, kamar littafin manhaja na kwanan nan da taswira ko kundin ilimi mai suna. Daga nan ki cire amsoshin ki ba abokan aikinki biyu tambayoyin, kowa ya amsa shi kaɗai. Duk inda malamai biyu suka kawo amsa biyu, kuma kowa na da hujja, tambayar ce ke buƙatar gyara. A ƙarƙashin kowace amsa ki rubuta layi ɗaya na dalili, mai tambaya ya karanta shi bayan an amsa, don 'yan kallo ma su ƙaru. Ki ajiye tambayoyi goma a gefe, in gardama ta tashi kuma alƙalai suka kasa yanke ta cikin minti ɗaya, a jefar da tambayar a ɗauko wata, kada a bar yaro tsaye ana musu a kansa.

Sai sunaye. Takardar amsa takan ɗauki suna ɗaya, alhali yaranmu da sunaye biyu ko uku suka san wuri. In an tambayi babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926, wani zai ce Zinder, wani ya ce Damagaram, duka daidai ne. Wanda ya ce Habasha bai yi kuskure ba don takarda ta ce Itofiya. Haka Masar, Sin, Bahar Maliya, Bahar Rum, Santambul, Birnin Ƙudus. In an tambayi inda fadar gwamnatin Najeriya take kafin a koma Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, yaron da ya tashi a hannun kakarsa zai iya cewa Ikko. Mai tambaya in matashi ne, wataƙila bai taɓa jin sunan ba, zai girgiza kai ya wuce. Ki rubuta masa duk sunayen da za a karɓa a gefen kowace amsa, ki zauna da shi kwana ɗaya kafin gasar ku karanta takardar tare da babbar murya, har sunayen Turawan da za su iya harɗe masa harshe.

In kin gama tsarawa, turo mini sashen tarihi da na labarin ƙasa in duba miki kafin a buga. Allah Ya taimaka, Ya ba yaran sa'a.